Hajiya ta ce in bar sayen madarar waken suya in riƙa dafa wa yarinya karas

Saƙon wannan satin daga Zariya ya zo, na ɗan rage masa tsawo amma duk maganarta ce:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara wallahi kaina ya kulle. Yarinyata watanta 20, wata biyu kenan da na yaye ta saboda ciki ya shiga. Duk madarar garin da muka gwada sai ta sa ta gudawa, shi ne nas a wajen awo ta ce mu gwada madarar waken suya ta kwali wadda kamfani ya ƙara wa sinadarai, alhamdulillah ta karɓe ta. Toh yanzu kuɗinta ya fi ƙarfinmu, albashin Abbanta ba ya kai mu ƙarshen wata. Surukata Hajiya gida ɗaya muke, ta ga wani bidiyo a WhatsApp wai dafaffen karas in aka markaɗa ya fi kowace madara, ta ce in daina ɓarnatar da kuɗin ɗanta. Sati uku kenan karas nake ba ta safe da yamma, tana sha sosai amma ta rage cin abinci, kuma tafin hannunta ya fara yin rawaya har ina tsoron ko ciwon shawara ne. Ni dai na iya yin madarar waken suya a gida. Karas ɗin zai iya zama a madadin madarar? Ko ta gida ta isa? Kuma ya zan yi da Hajiya ba tare da an ce na raina ta ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki ita, ke kuma Allah ya sauke ki lafiya. Bari in fara da tafin hannun nan don na san shi ya fi hana ki barci. Ki ɗauko ta ki fito da ita tsakar gida da rana tsaka, ba a hasken ƙwan lantarki ko fitilar waya ba, ki ɗan ja fatar idonta ƙasa ki duba farin idon. In farin idon na nan fari tas, fitsarinta bai yi duhu kamar shayi ba, ba zazzaɓi, tana wasanta, toh mafi yawanci karas ɗin ne ya fito a fatarta. Kalar nan ta karas wani sinadari ne da ake kira karotin, in ya yi wa jiki yawa sai ya taru a fata, ya fi nunawa a tafin hannu da tafin ƙafa da gefen hanci, ba ya cutarwa, kuma in aka rage karas ɗin yana washewa da kansa a hankali cikin 'yan makonni. Ciwon shawara kuwa a ido yake fara nunawa. Saboda haka in kin ga idon ya sauya ko kaɗan ne, ko jikinta ya yi zafi, ko ta yi laushi, kar ki jira gobe kar kuma ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki kai ta asibiti a ranar.

Ni abin da ya fi ɗaga min hankali a saƙonki ba hannun ba ne, wannan kalmar ce da kika faɗa a tsakiya kika wuce, wai ta rage cin abinci. Nan matsalar take.

Amsar tambayarki ta farko a'a ce, karas ba zai zauna a gurbin madarar nan ba, ko an dafa ko an markaɗa ko an tace. Ba don karas ba shi da amfani ba, yana da shi sosai, sai dai aikinsu a jiki ba ɗaya ba ne sam. Bari in ba ki lissafin don ki samu abin riƙewa in magana ta taso a gida. Dafaffen karas giram 100, wato kamar madaidaita guda ɗaya da rabi zuwa biyu, furotin ɗin da ke ciki, sinadarin da ke gina tsoka yaro ya girma, bai kai giram 1 ba. Kalsiyam ɗinsa, mai gina ƙashi da haƙori, wajen miligiram 30 ne. Maiƙo kusan babu. Ƙarfin da yake ba jiki kalori 35 ne kacal, don yawancinsa ruwa ne. Bitamin B12 babu, bitamin D babu. Shi kuwa kofi ɗaya na madarar waken suyan da aka ƙara wa sinadarai, kofi mai cin mililita 240 zuwa 250, yana da furotin wajen giram 7, kusan daidai da madarar shanu, maiƙo wajen giram 4, kalsiyam wajen miligiram 300, kuma yawancinsu an zuba musu B12 da bitamin D. Kinga kenan in kina son yarinyar nan ta samu kalsiyam ɗin kofi ɗaya daga karas sai ta cinye kilo guda cur, karas wajen 15 ko fiye, furotin ɗin ma kusan haka. Wace yarinya 'yar wata 20 ce za ta iya wannan? Cikin nata duka-duka abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofi guda ba, kuma a shekarunta tana buƙatar kalori wajen 900 a wuni, toh in kika cika mata wannan ɗan cikin da ruwan karas safe da yamma ta ji ta ƙoshi, ga ɗan zaƙi-zaƙi yana mata daɗi, ina za ta sa tuwo, ina za ta sa wake da ƙwai? Ciki a cike jiki da yunwa, ta haka tamowa take sato hanya ta shigo gidan da ba a rasa abinci ba, uwa tana ganin ai yarinya na sha sosai.

Yanzu kuma in ba karas haƙƙinsa, don Hajiya ba a banza ta yaba shi ba. Wajen bitamin A karas ya yi wa madarar nan fintinkau. Wancan giram 100 ɗin yana ɗauke da sama da maikirogiram 800, alhali yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 wajen 300 zuwa 400 yake buƙata a rana, wato ƙaramin karas ɗaya ma ya ishe ta. Bitamin A shi ne mai tsare ido daga dundumi, yana ƙarfafa garkuwar jiki, yaron da yake da ƙarancinsa ƙyanda da gudawa sun fi kayar da shi. Shi ya sa a satin lafiyar mata da yara ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A a baki duk bayan wata shida, shuɗin ƙwanso na ƙanana ja na waɗanda suka shekara, ki duba katinta ki ga yaushe rabon da a ba ta. Kuma karas na sa bayan gida ya yi laushi saboda harzar da ke jikinsa, abin da madarar ba ta da shi sosai tunda an tace dusar.

Dafa shi ɗin ma daidai ne, dafaffe ya fi ɗanye ba jiki bitamin A saboda wuta na tausasa shi jiki ya iya zaro sinadarin, ga shi ɗanyen karas gutsi-gutsi na iya shaƙe ƙaramin yaro, kar ki ba ta shi a hannu tana yawo. Amma akwai abu ɗaya da masu irin wannan bidiyon ba sa faɗa, karotin sai da maiƙo jiki yake tsotsarsa da kyau. Karas da aka tafasa a ruwa zalla aka markaɗa, mai yawa daga cikin amfanin wucewa kawai yake yi. Ki yanka shi ƙanana ki jefa a faten wake da manja, ko a miyar da aka soya da man gyaɗa, ko ki dafa ki murƙushe da cokali ki zuba ɗan mai ki haɗa mata da shinkafa. Cokali biyu ko uku a rana ya wadatar. Manjan ma kansa cike yake da karotin, haka kabewa da gwanda da mangwaro da dankalin Hausa mai jan ciki, sannan tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa na kamfani a Najeriya, shi ne kike ganin tambarin ido a jikin wasu. Kinga bitamin A ƙofofinsa da yawa. Kalsiyam ne ƙofarsa ƙunci a irin cimarmu ta masara da gero da dawa.

Zan daɗe a kan kalsiyam ɗin nan saboda mu a nan raina shi muke yi sai ƙafa ta lanƙwashe. Kin san yaran nan da ake gani ƙafarsu ta yi baka ko ta yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, yaro ya yi ta jinkirin tafiya ko yana tafiya yana kukan ƙafa, a ce gado ne ko an yi saurin tsayar da shi? A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ne yake kawo shi, saboda rana ce ke sa fata ta ƙera bitamin D. Mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. Likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos sun yi bincike a kan yaran da ke da wannan larura aka buga shi a 1999, suka gano abin da yaran ke samu na kalsiyam a abinci wajen miligiram 200 ne kawai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Yaro mai shekarun 'yarki ana so ya samu 500 zuwa 700 a rana. Da tana shan nono yana rage mata hanya, yanzu an yaye ta, madarar shanu ta ƙi ta, ta kwalin an ajiye, saura karas mai 30. Kin ga ramin da aka bari.

Toh sai tambayarki ta biyu, ta gida fa? Ki yi ta, wallahi ki yi ta, ta fi ruwan karas nesa ba kusa ba, furotin da maiƙon duk suna nan in ba ki tsinka ta da ruwa ba, kuma waken suya mudu ɗaya zai kai ku kwanaki. Amma kar ki ɗauka ɗaya take da ta kwalin. Wancan kalsiyam 300 ɗin da B12 da bitamin D ba daga waken suke ba, kamfani ne ya zuba, ta gida kalsiyam ɗinta kaɗan ne bai kai ko kusa ba, B12 kuwa babu shi sam a waken suya. Awara ma haka, tunda mu da ruwan tsami ko tsamiya ko lemon tsami muke haɗa ta, furotin ce mai kyau amma ba za ki dogara da ita wajen ƙashi ba.

In za ki yi, ki tsince waken ki jiƙa ya kwana, awa 8 zuwa 12, in lokacin zafi ne ki sauya ruwan kar ya yi tsami, ki murje ɓawon ki wanke, a markaɗa ya yi laushi sosai, ki tace da kyalle mai tsabta. Wajen dahuwa ne mutane ke kuskure. Madarar waken suya tana yin kumfa ta taso tun kafin ta tafasa da gaske, kina tsaye za ki ga farar kumfa ta cika tukunya tana neman zubowa a murhu, da yawa a nan suke saukewa su ce ta yi, alhali ba ta yi ba. Ki rage wuta ki yi ta juyawa da ludayi, ki kwashe kumfar, ki bar ta tana tafasa minti 15 zuwa 20 har wannan ƙarnin ɗanyen waken ya tafi. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari mai hana ciki narkar da furotin, wuta ce ke kashe shi, in bai dahu ba shi ne kumburin ciki da gudawa sai a ce waken suya bai karɓi yaro ba. Kuma in ba firij ko wuta ba ta tsayawa ki yi daidai ta wuni ɗaya, da ta fara kauri ko tsami ki zubar ko ki haɗa awara ku manya ku ci. Dusar kar ki yar, ki zuba a miya ko a ƙullin ƙosai.

Ramin kalsiyam ɗin kuma sai ki cike shi da abin da ke kusa da ke, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙananan busassun kifin nan da ake dakawa da ƙayarsu, ki gyara ki daka ya yi gari lilis ki riƙa zuba cokali ɗaya a abincinta, ƙayar ce kalsiyam ɗin, naman kuma ya ba ta B12. Miyar kuka, wadda Hajiya ba za ta taɓa cewa ɓarna ce ba. Zogale da aka shanya a inuwa aka daka a zuba a fate ko kunu. Riɗi soyayye dakakke. Tamba, wadda duk cikin hatsinmu babu mai kalsiyam ɗinta, giram 100 na da sama da miligiram 300, ke da kike Zariya ba za ta yi miki wuyar samu ba, ki haɗa da gero da gyaɗa da soyayyen waken suya a niƙa miki garin kunu. Ƙwai ɗaya a rana in da hali, in babu ko sau uku a sati. Sannan ki gwada mata kindirmo mai tsabta wanda aka dafa nonon kafin a ɗaura, cokali biyu ki ga yadda cikinta zai yi, saboda yara da yawa da madarar gari ke sa wa gudawa sukarin cikin madarar ne ba sa iya narkarwa, shi kuma kindirmo tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na wannan sukarin, kuma sau da yawa abin na ɗan lokaci ne bayan yaro ya sha fama da gudawa, hanji na warkewa sai ya koma karɓa. Amma in lokacin da take shan madarar kin taɓa ganin ƙuraje ko kumburin fuska da leɓe ko amai ko jini a kashinta, toh kar ki gwada komai na shanu sai likita ya gan ta, wannan wata larura ce daban.

In kuma Abbanta ya samu sarari ya sayo ta kwalin, ko ba kullum ba, ki karanta jikin kwalin kafin a biya kuɗi. Ba duk abin da aka rubuta waken suya a jiki ne aka ƙara wa sinadarai ba, da yawa daga na kwalba da ake sayarwa da sanyi a shago lemo ne kawai sukari ya yi musu yawa. Ki duba ɗan jadawalin bayan, ki nemi kalsiyam wajen miligiram 120 a kowane mililita 100, ki zaɓi marar sukari ko mai ɗan kaɗan. Kuma ki girgiza sosai duk sanda za ki zuba. Na taɓa yanka wani kwali da ya ƙare don in ɗauraye, sai ga wani farin abu kamar alli ya kwanta a gindinsa har ina kankarewa da cokali, ashe kalsiyam ɗin da muka biya kuɗi dominsa ne ya zauna a ƙasa mu muna shan ruwan sama. Tun ranar ban ƙara zubawa ban girgiza ba. Kofi ɗaya a rana tare da sauran abubuwan da na lissafa ya yi, kuma bayan ta ci abinci za ki ba ta ba kafin ba, a kofi ba a fida ba.

Ki riƙe wannan kuma saboda na cikin, madarar waken suya ko ta kwali ko ta gida ba abincin jariri ba ce, ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a musanya masa nono da ita, wata shidan farko ma nono zalla ko ruwa babu. Ke ma kanki mai ciki kina buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1000 a rana, duk abin da kika dama wa yarinya ki zuba wa kanki kofi, kuma kar ki yi wasa da magungunan awo.

Saura Hajiya. Ƙanwata kar ki je mata da lissafin nan nawa a baki kina cewa an ce an ce, ba za ta ji lissafi ba raini za ta ji. Ki tuna abu biyu take karewa, aljihun ɗanta da lafiyar jikarta, kuma duka biyun ke ma su kike karewa. Karas ɗin kar ki cire shi daga gidan, ta riƙa ganinsa a faten yarinya kullum. Ki same ta bayan la'asar in ta idar da sallah ki zauna ƙasa ki ce Hajiya karas ɗin nan da kika ce ya karɓe ta, har ya nuna a hannunta, sai dai na lura yana cika mata ciki ta ƙi tuwo, shi ne na ce ko za ki koya min yadda kuke yi wa yara kunun yaye a da, da tamba da gyaɗa. Tsofaffinmu sun san kunun nan fiye da mu, kuma in daga bakinta ya fito ita da kanta za ta riƙa tambaya ko an ba yarinya. Maganar kuɗi kuwa ki nuna mata kin koma yin ta gida, wannan kaɗai ya kashe zancen ɓarna. Abbanta ki yi masa bayani ku biyu a ɗaki, ki nuna masa lissafin kilo ɗaya ɗin nan, in akwai abin da za a faɗa wa Hajiya mai nauyi shi ya faɗa, ɗanta ne, abin da za ta haɗiye daga bakinsa ba za ta haɗiye daga naki ba.

Kuma cikin satin nan, ba sai ranar awonki ta zagayo ba, ki ɗauki yarinyar da katinta ku je a ɗora ta a sikeli a gwada da nauyinta na wata biyu da suka wuce, a auna damtsenta da ɗan tef ɗin nan mai kala uku, in ya sauka ƙasa da santimita 12.5 ya shiga rawaya kenan tana buƙatar kulawa, ƙasa da 11.5 ja ne ba a kwana da shi a gida. In Hajiya za ta yarda ki roƙe ta ta raka ku ta riƙe miki ita tunda ga ciki, nas ɗin ta yi bayanin a gabanta. Ki rubuto min abin da sikelin ya nuna.